Yadda Ake Tare Sanyin Daɓen Katako a Tsofaffin Gidajen Ingila

Galibin gidajen da aka gina a Ingila kafin shekarun 1930, irin jerin gidajen jan bulo da suka cika tsofaffin unguwannin Manchester, Birmingham da gabashin Landan, daɓensu na ƙasa ba na siminti ba ne. Allunan katako ne aka jera a kan gumagumai masu kama da azara, a ƙarƙashinsu kuma akwai sarari wanda iskar waje take ratsawa dare da rana. Shi ya sa mai gida zai kunna na'urar ɗumama ɗaki tun watan Nuwamba, kuɗin gas ya yi ta hawa, amma tafin ƙafarsa bai daina jin sanyi ba. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, mutane da yawa suka koma saka abin tare sanyi a ƙarƙashin daɓen da hannunsu, kuma mafi yawan waɗanda na ga aikinsu ya lalace a wuri guda suka yi tuntuɓe.

Da farko ka tabbatar daɓen naka na katako ne. Ka duba gindin bangon gidan ta waje: idan ka ga bulo mai hujoji a jere kusa da ƙasa, to akwai sarari a ƙarƙashin ɗakin. Idan haya kake yi, kada ka taɓa komai sai da izinin mai gidan a rubuce. Ka naɗe kafet, ka ɓanɓare allunan a hankali, kana rubuta wa kowanne lamba a bayansa da fensir, domin tsohon katako ba ya yarda ya zauna a gurbin ɗan'uwansa. Daga nan ka soki kan kowane gungume da sukudireba, musamman inda ya shiga cikin bango. Idan ƙarfen ya nutse, katakon ya ruɓe, sai a dakatar da aiki a nemo kafinta ya sauya shi kafin a rufe komai.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. Sabon hannu yana durƙusawa cikin ramin, ya ji iska mai sanyi tana busowa ta hujojin bulon nan, sai ya ɗauka ya kama ɓarawon da yake sace masa zafi, ya cusa tsumma ko ya fesa kumfa ya toshe su. Wannan iskar ita ce take riƙe da lafiyar gidan. Ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen kullum tana fitar da danshi, kuma iskar da ke shiga ta gaban gida ta fita ta baya ce take kwashe shi. Da zarar an saka abin tare sanyi, zafin ɗaki ya daina sauka cikin ramin, wurin ya ƙara sanyi fiye da da, tururi kuma ya fi saurin zama raɓa a jikin katako. Idan hujojin a toshe suke, fumfuna za ta fara kamawa, ruɓa ta biyo baya, mai gida kuwa ba zai sani ba sai ranar da allo ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma kuɗin sauya gumaguman ya ninka tsimin da ya yi na kuɗin gas nesa ba kusa ba. Saboda haka ka share kowane huji da buroshi, ka kwashe ɓaraguzan da magina suka bari, ka kuma leƙa ta waje ko an ɗaga daɓen tsakar gida ko ƙasar shuka har ta rufe wasu. Ka bar sararin da bai gaza milimita 150 ba tsakanin ƙasa da gindin gumaguman. Inda huji ya zo daidai da tsayin abin da za ka saka, ka yi masa bututu ya karkata ƙasa, kada abin tare sanyin ya danne bakinsa.

Game da abin da za a saka, ƙa'idar gini a Ingila tana neman kada ma'aunin zubar zafin daɓen da aka gyara (U-value, wato ma'aunin yawan zafin da ke ratsa daɓen ya fita) ya wuce 0.25, abin da yawanci yake buƙatar audugar dutse ko ta gilashi, wato zare mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse ko gilashi, mai kaurin milimita 150, ko allon kumfa mai tauri na kimanin milimita 70. A tsohon gida, auduga za ka saya, irin ta Rockwool ko Knauf. Allunan kumfa irin na Celotex da Kingspan sun fi tare zafi idan aka kwatanta kauri da kauri, amma sun fi tsada, kuma gungumen da ya shekara ɗari ba ya miƙewa sak, sai ka wuni kana yanka allo amma ka ƙare da tsaga a kowane gefe.

Ka shimfiɗa mayafin da tururi yake iya ratsawa a kan gumaguman, ka lotsa shi tsakanin kowane biyu ya zama kwarin da audugar za ta kwanta, ka kafe shi da sitefula a gefen katakon. Wasu suna amfani da raga domin ta fi araha, amma iska tana ratsa raga ta kwashe zafin da ke cikin audugar. Tazarar gumaguman takan kai kimanin milimita 400. Ka yanka audugar ta ɗan fi tazarar faɗi domin ta cika wurin da kanta, kuma kada ka danne ta, domin iskar da ke cikinta ce take yin aikin. Ka sa takunkumi da safar hannu. Kada ka manta da siririn wurin da ke tsakanin gungume na ƙarshe da bango.

Wayoyin lantarki kada a binne su cikin auduga, domin suna ɗaukar zafi. Idan ba za su kauce ba, a kira mai gyaran wuta. Bututun ruwan da suka rage a ƙasa a naɗe su da soson bututu, tunda yanzu za su iya daskarewa a watan Janairu. A saman audugar, wato ɓangaren ɗaki, ka shimfiɗa ledar tare tururi, ka liƙe duk mahaɗarta da tef, ka ɗan ɗaga bakinta a jikin bango. Ka mayar da allunan bisa lambobinsu da sukuru maimakon ƙusa, bayan ka yi alamar inda bututu da waya suka bi, sannan ka cike tsagar da ke ƙarƙashin katakon gindin bango kafin ka mayar da kafet.