Yadda Ake Amfani da Doki Wajen Taimakon Masu Damuwa da Fargaba

A Zariya an fi sanin doki da hawan sallah, ranar da ake ɗaura masa sirdi da kayan ado a nufi ƙofar fada, amma aikin da za a bayyana a nan ba ya buƙatar sirdi ko likkafa. Ƙungiyar EAGALA, mai amfani da dawakai wajen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka kafa a Amurka a 1999, ta tsara shi ne yadda mai fama da damuwa zai tsaya a ƙasa ba tare da ya hau ba, tare da mutum biyu: ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa da kuma wanda ya san halin dawakai.

Da farko a zaɓi doki mai sanyin hali, kamar tsohuwar goɗiya da ta saba da hannun yara. Ingarman da aka horar da tabariya domin burge 'yan kallo bai dace ba, komai kyansa. A cire linzami a bar ragama kawai, a kai shi fili mai shinge, nesa da ƙarar babura, da safe ko bayan la'asar.

Kafin a taɓa shi, mai barga ya nuna wa mutum inda zai tsaya. Idanun doki a gefen kansa suke, don haka ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma wanda ya ɓullo masa ta nan yana iya shan harbi. A tunkare shi ta kafaɗa, ana yi masa magana a hankali. Idan ya kwantar da kunnuwansa baya, a ja da baya.

Daga nan sai a ba mutum ƙaramin aiki: ya goge masa jiki, ko ya ja shi ya zagaya turke biyu. A nan ne amfanin yake. Doki dabba ce da namun daji ke farauta, shi ya sa yake lura da duk wani motsi na wanda ke kusa da shi. Matashin da ya damƙe ragama yana fizga cikin fushi zai ga dokin ya turje ya kafe ƙafafu. Da zarar ya sassauta hannu ya daidaita numfashi, sau da yawa sai dokin ya biyo shi. Kada ƙwararren ya yi gaggawar fassara masa abin da ya faru, ya tambaye shi kawai abin da ya gani da abin da ya ji a ransa, domin a ganina wannan hirar ta fi jan dokin muhimmanci.

Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shansa, kuma a sanar da likitan kafin a fara. Shi ma dokin a sallame shi da ya nuna gajiya, a ba shi ruwa da harawa.