Yadda ake daidaita ƙwaƙwalwar aro a kwamfutar tebur mai Windows

Kwamfuta na aiki da ma'ajiya iri biyu. RAM kamar kantar mai shago ce, abin da ke kanta hannu na kai masa nan take. Faifan ajiya kuwa sito ne a bayan shago, yana da faɗi amma sai an tashi an je. Idan kanta ta cika, Windows kan kwashe abin da ba a taɓawa a lokacin ta kai shi wani ɓoyayyen fayil mai suna pagefile.sys da ke cikin C:. Wannan fayil shi ne ƙwaƙwalwar aro, wadda Windows ke kira Virtual memory. Ƙara girmansa yana hana manhaja rufe kanta ana tsakar aiki, yana kuma kawar da saƙon nan na "Your computer is low on memory". Amma ba ya sa kwamfuta gudu. Wanda ya ce maka zai mayar da RAM 4 GB ya zama 16 ta wannan hanya, bai san aikin ba.

Kafin ka taɓa komai, fara aunawa. Buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar da aiki ya yi yawa: CorelDraw ko Photoshop, Word, da Chrome mai shafuka goma sha. Sai ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. A ƙasa akwai wurin da aka rubuta Committed, da lamba biyu, misali 8.6/9.5 GB. Ta farko ita ce abin da manhajoji suka riga suka nema, ta biyu kuma iyaka ce, wato RAM haɗe da pagefile. Idan ta farko na dab da cimma ta biyu, to lallai akwai buƙatar ƙari. Idan kuwa da tazara mai yawa tsakaninsu amma kwamfutar na jan ƙafa, matsalar tana wani wuri, ka bar wannan saiti yadda yake.

Hanyar shiga ɗaya ce a Windows 10 da 11, kuma sai da izinin Administrator. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, ka buga Enter. Zaɓi Advanced, ƙarƙashin Performance ka danna Settings, a tagar da ta fito ka sake zaɓar Advanced, sannan Change. A can sama za ka ga akwatin "Automatically manage paging file size for all drives". Cire alamar da ke ciki, in ba haka ba sauran wuraren ba za su taɓu ba. Zaɓi C:, danna Custom size.

Nan ne ake yawan tafka kuskure, domin da MB ake rubutawa, ba GB ba, kuma GB ɗaya MB 1024 ne. Wanda ya rubuta 6 yana nufin GB shida, MB shida kacal ya rubuta, kuma Windows ba ta karɓar abin da bai kai MB 16 ba. Tsohuwar ƙa'idar masu gyara ita ce Initial size ya zama RAM sau ɗaya da rabi, Maximum size kuma sau uku. Ga mai RAM 4 GB, wato 4096 MB, lissafin ya kama 6144 da 12288. Wannan ƙa'ida ta dace da ƙananan kwamfutoci irin waɗanda aka taɓa amfani da su, da ake cika shagunan buga takardu da su. Amma a kan mai 16 GB ko 32 GB, ɓarnar wuri ce kawai. Babu dalilin ware GB 48 a faifai don bin lissafin da aka yi tun zamanin da RAM ke da tsada. A nan lambar Committed ce alƙali: ɗauki mafi girman abin da ka gani, cire yawan RAM ɗinka, ka ɗora GB biyu a kai don ko-ta-kwana.

Wasu kan sa lamba ɗaya a gurbin biyun, misali 8192 da 8192. A tsohon faifai mai juyawa hakan na da amfani, saboda fayil ɗin ba zai riƙa kumbura yana motsewa har ya warwatsu ba. Illarsa ita ce ranar da aiki ya wuce iyakar, babu inda zai faɗaɗa, manhajar za ta mutu da aikinka a ciki.

Bayan ka rubuta lambobin, danna Set. Mutane da yawa kan wuce kai tsaye zuwa OK, su dawo su tarar babu abin da ya canza. Duba jerin da ke sama ka tabbata lambobinka sun bayyana a gaban C:, sannan OK har tagogin su ƙare, ka sake kunna kwamfutar ta Restart.

Idan kwamfutar na ɗauke da faifai biyu, SSD (faifai mai sauri da ba ya juyawa) da mai juyawa, a kan SSD ya kamata fayil ɗin ya zauna, domin bambancin saurinsu ba kaɗan ba ne. Amma ka lura, C: da D: sau da yawa faifai ɗaya ne aka raba gida biyu, don haka kai shi D: ba ya rage wa faifan wahala. Ko da ka mayar da shi wani faifan na daban, ka bar ɗan kaɗan a C:, saboda da shi Windows ke rubuta bayanin abin da ya faru idan kwamfutar ta tsaya cak ta nuna allon kuskure, wanda aka fi sani da shuɗin allo.

Zaɓin No paging file kuwa, ka ƙyale shi, komai yawan RAM ɗinka. Kuma kada ka sa Maximum size ya wuce sararin da ya rage a faifan; C: da ya cika har alamarsa ta koma ja zai iya hana sabunta Windows. Idan bayan gyaran fitilar faifai ba ta daina ƙyaftawa ba, Memory kuma na zaune sama da kashi 90 cikin ɗari, buɗe akwatin kwamfutar ka duba ko da ramin RAM da ba kowa, ka karanta nau'in RAM ɗin da ke ciki, ko DDR3 ne, ko DDR4, ko DDR5, ka sayo irinsa ka ƙara.