Malaman lissafi na JSS, ku gwada saƙon murya

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai na Gombe.

Duk bayan mako biyu, ku tura wa iyayen yara saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, da Hausa. Kada ku jira ranar rabon sakamakon zango, lokacin an riga an makara.

Ku faɗi darasin da aka yi da inda yara ke tuntuɓe, sannan ku ba da tambaya ɗaya ta gida. Misali idan 'yan JSS 2 na kan kashi cikin ɗari: "Buhun masara a Tudun Hatsi naira 40,000, an yi ragin kashi 10, nawa za a biya?" Baban da bai yi boko ba ma ya san amsar 36,000 ce, ai kullum yana lissafin kasuwa. Nan take zai gane ko ɗansa ya fahimta.

Ku tura ta Broadcast, wato tsarin WhatsApp na tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar lamba har 256. Ba kuɗin bugun takarda, ba kiran kowa ɗaya bayan ɗaya. Makin yaro kuwa kada ku saka shi a zauren iyaye, tonon asiri ne. A tura wa mai ɗa shi kaɗai.

Amma fa wanda bai ajiye lambarku ba, saƙon ba zai isa gare shi ba. Haka masu ƙaramar waya. Su sai ku rubuta layi biyu a bayan littafin yaron, a sa hannu a dawo da shi ranar Litinin.