Yadda za ki gano damuwar mai ciki a ɗakin awo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta je awo aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Idan mace ta fara tsallake ranar awonta, kada ki yi saurin ce mata mai sakaci. Galibi kuɗin mota ne babu, ko maigida bai ba da izini ba, ko kunyar cikin fari ce ta sa ta yi ta ɓoyo.

Ki fara da keɓe ta. Uwar miji ko ƙanwar mijin da ta rako ta, a ce ta ɗan jira a waje. A gaban dangin miji, "lafiya lau" kaɗai za ki samu.

Sai ki yi tambaya biyu. A watan nan, ranki yana yawan ɓaci har ki ji kin fid da rai? Abin da a da yake faranta miki, kin daina jin daɗinsa? In ta amsa da "e" ko a ɗaya, a cika mata takardar gwajin damuwa ta Edinburgh mai tambaya 10. In ta samu maki 13 zuwa sama, a tura ta wurin likita. Tambaya ta ƙarshe kuwa a kan tunanin cutar da kai ce. Kowace "e" a nan, ba a barin ta ta koma gida sai likita ya gan ta, komai ƙarancin makinta.

Inda ake kuskure shi ne ɗaukar kasala, rashin barci da rashin cin abinci a matsayin alamar damuwa kaɗai. Laulayi na kawo su, ƙarancin jini ma haka. A auna jini: himogulobin (ma'aunin ƙarfin jini) ƙasa da 11 ƙarancin jini ne, a yi maganinsa. Amma kuka ba dalili da yanke ƙauna da suka haura mako biyu sun wuce laulayi.

Maganar ko ana dukanta a gida, a tambaye ta kai tsaye, da sanyin murya. Naushi a ciki na iya ɓamɓare mabiyiya kafin naƙuda, ya jawo zubar jini ko haihuwar bakwaini. Kada ki rubuta abin da ta faɗa a katin awon da za ta tafi da shi gida, don mai dukan na iya karantawa. Ki tambaye ta gidan wa za ta iya zuwa cikin dare.

Wadda take kan maganin taɓin hankali ko na farfaɗiya kada ta yanke shi da kanta, ciwon kan dawo da ƙarfi. Idan maganin da take sha valproate ne, ta ga likita da gaggawa, domin yana iya naƙasa ɗan tayi.