Kafin ka saki waƙar koke a ƙauyenku, ka bi ta nan

Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 samarin garinmu suka kama rera waƙoƙin taki da kuɗin mai, a shagon mai cajin waya ma ake tura su. Majalisarmu ta rabu biyu, kawu na cewa rashin kunya ce ga shugabanni, mu kuma muna cewa ai tun zamanin NEPU da waƙa talaka yake kai kukansa. Ni ina bayan mawaƙan nan ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba na son a ɗauke ko ɗaya daga cikinsu.

Fara da baitocin. Kafin ka shiga sutudiyo ka rera wa wani babba mai hankali ya ji. Faɗi abin da kowa ya gani da idonsa, taki ya gagari manomi, asibiti ba magani, burtsatse ta lalace an bar mata da yara suna doka sammako neman ruwa. Wannan haƙƙinka ne, sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka. Amma ka kama sunan wane ka ce ɓarawo ne ba ka da hujja a hannu, ko ka zagi iyayensa, to kai ka buɗe wa hukuma ƙofa. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, da sashe na 24 ɗinta aka sha kama mutane, an yi mata gyara a 2024 amma kamun bai tsaya ba. Ba mu manta ɗalibin jami'ar Dutse da aka kwashe zuwa Abuja a 2022 kan rubutu ɗaya a Twitter ba. In a Kano kake kuma ka sani hukumar tace finafinai ta jiha tana sa ido har kan mawaƙa.

Sai waya, nan ne mutanenmu suka fi sakaci wallahi. Layinka haɗe yake da NIN ɗinka, kuma doka ta ce kamfanin waya ya ajiye bayanan kiranka har shekara 2, don haka sunan bogi a Facebook ba zai ɓoye ka ba. WhatsApp yana kulle saƙo a hanya, gaskiya ne, amma guruf mai mutum ɗari biyu ai kasuwa ce, mutum ɗaya ya ɗauki hoton saƙon ya kai inda zai kai shikenan. Sa wa wayarka lambar sirri, cire memori kafin ka kai caji. Kuma don Allah kar ka sa fuskar ƙananan yara a bidiyon, mun ga yaran da aka kama kan zanga-zangar suka yanke jiki suka faɗi a kotun Abuja a Nuwamban 2024.

In ƙaddara ta sa aka zo tafiya da kai, kar ka yi kokawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, kuma dole a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Takardar turanci da ba a fassara maka ba kar ka dangwala mata hannu. Hukumar Legal Aid tana ba marasa ƙarfi lauya kyauta, nemi lambarsu tun yanzu ka rubuta a takarda ka ba yayanka ko mai ɗakinka, don wayar ce farkon abin da za su karɓe.