Yadda ake hasashen mafi ƙarancin kaurin sandunan ƙarfe da ake tsirarwa da tururi

Ɗalibai da yawa a nan Abuja suna kunna na'urar da ke mayar da ƙarfe tururi ya zauna a kan faranti ya tsirar da sanduna ƙanana sosai, tun kafin su ɗauki biro. Sai a ƙone zinariya mai tsada, a tashi da shimfiɗa maimakon sanduna. Da lissafi ake farawa. Zuƙe iska da karkata faranti ya wuce digiri 85 kowa ya sani, ba zan tsaya a kansu ba.

Madogararka ita ce ƙa'idar da Hanchen Huang da abokan aikinsa suka fitar a 2013. Ka ɗauki saurin da ƙwayoyin zarra ke tsallake bakin matakala su gangara gefen sanda, ka raba da saurin zubar tururi, ka ciro tushe na biyar. Kaurin sanda wannan lambar yake bi.

Fara da shingen matakalar, wato makamashin da ƙwayar zarra ke buƙata kafin ta tsallake bakinta, wanda shi da zafi ke ba ka saurin tsallakewar, domin a nan ake faɗuwa. A jan ƙarfe, matakala mai hawa ɗaya shingenta kusan 0.16 eV (ma'aunin makamashi) ne, mai hawa da yawa kuwa kusan 0.40 eV. Gefen sanda hawa da yawa ne, saboda haka na biyun za ka saka. Sabon shiga yakan ɗauki na farko don shi ya fara gani a littafi, lissafi ya ba shi kauri fiye da ninki shida, ya yi ta zargin na'ura.

Sai zafi, a ma'aunin Kelvin. Kada ka rubuta 300 da ka. Manna ma'auni a jikin farantin, don narkakken ƙarfen da ke ƙasa yana gasa shi, balle a watan Maris in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya.

Ni ban yarda da a ƙure saurin tururi ba. Sai ka ninka shi sau 32 kafin kauri ya ragu da rabi, alhali sauke zafin faranti daga 300 zuwa 250 yana ba ka kusan haka a jan ƙarfe. Ruwan naitirojin da ake sanyaya faranti da shi ba arha, amma ya fi asarar zinariya sauƙi.

Daga nan duba tazarar da ke tsakanin sandunan: in ba ta fi kaurin da ka samu ba, za su haɗe. Ka zuba, ka auna da madubin ilektiron, ka gwada da abin da su Huang suka samu, kusan nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) 20 a jan ƙarfe, 10 a zinariya.