Yadda Za Ka Kula da Tsohon Kare Alhali Kai Ma Shekaru Sun Ja

Girman jikin kare ne ke nuna lokacin da tsufa zai kama shi. Ƙarami wanda bai kai kilo 10 ba yakan kai shekara 10 ko 11 kafin a kira shi tsoho, matsakaici kuma wajen shekara 8 ko 9. Manyan da suka haura kilo 40 kuwa, tun suna shekara 6 ake ganin alama. Idan kai ma gwiwa ta fara ciwo, ido ya rage gani, to duk gyaran da za a yi a gida sai an auna shi da jikinku ku biyu, domin abin da ya sauƙaƙa wa kare tafiya yana iya zama abin da zai kayar da kai.

1. Fara da ƙasan ɗaki

Tsohon kare yana rasa naman cinya, shi ya sa ƙafafunsa na baya ke zamewa a kan tayil ko siminti mai santsi. Ka shimfiɗa kafet mai roba a ƙasa a kan hanyar da yake bi kullum: daga makwanci zuwa kwanon ruwa, daga nan zuwa ƙofa. Amma kada a bar bakin kafet ɗin sake. A manne kowane gefe da ƙasa, don bakin da ya ɗago shi ke kama yatsan ƙafa ko sandar dogarawa. Ƙananan shimfiɗu da ake watsawa nan da can sun fi rashinsu haɗari.

A yanke masa farce duk sati 3 ko 4. Idan kana jin ƙas-ƙas lokacin da yake tafiya, sun yi tsawo, kuma dogon farce yana hana tafin ƙafa kama ƙasa. A riƙa yanka kaɗan-kaɗan daga tsini, saboda akwai jijiyar jini a ciki. Gashin da ke tsakanin yatsu ma a rage shi. In durƙuso ya yi maka wuya, bar wa likitan dabbobi wannan aikin.

Karen da kunnensa ya yi nauyi ba ya jin tahowarka, saboda haka ba zai matsa ba. Ka bar ƙaramar fitila a kunne tsakanin gado da banɗaki, ka sa makwancinsa a jikin bango nesa da hanya, sannan ka rataya masa 'yar ƙararrawa a wuya don ka san inda yake.

2. Makwanci da wurin hawa

Katifar soso mai kaurin santimita 8 zuwa 10 ta isa. Danna ta da dunƙulen hannu: in ka ji ƙasa, to gwiwar hannunsa da ƙugunsa ma za su ji. Kada ta yi laushi sosai, tashi zai gagare shi.

Don shiga mota ko hawa matakala, a yi masa gangaren katako da aka lulluɓe da roba ko kafet. Tsawon katakon ya kai ninki uku na tsayin wurin: santimita 50 na tsayi, mita ɗaya da rabi na katako. Fara koya masa katakon yana kwance a ƙasa, kana jan sa da ɗan abinci, kafin a ɗaga shi.

Kada ka ɗauki kare mai kilo 20 ko 25 kai kaɗai. Naɗe tawul a tsaye, zura ta ƙarƙashin cikinsa dab da ƙafafun baya, riƙe bakin biyu, ka ɗan tallafa har ya miƙe da kansa. Bayanka ya tsaya a miƙe, gwiwa ce za ta lanƙwasa.

3. Fita yawo

Minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana ya fi doguwar tafiya guda. Ma'auninka shi ne washegari: in ya tashi jiki a sandare ko yana ɗingishi, an wuce gona da iri, sai a rage. Hana shi fita gaba ɗaya kuma kuskure ne, gaɓar da ba ta motsi ƙara ƙagewa take yi.

Yi amfani da ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya, da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Igiyar nan mai miƙewa ta koma da kanta a guje ta, domin tana ba kare damar ɗaukar gudu kafin ya fizge ka. Kada ka naɗe igiya a hannu ko a yatsu. In ya zabura, gara ta kuɓuce da a ce ta ja ka ƙasa. Lokacin zafi, ɗora bayan hannunka a kan kwalta na daƙiƙa 5. In ba ka iya jurewa ba, shi ma tafinsa ba zai jure ba.

4. Magani: nan ne haɗarin ya fi yawa

Gidan da mutum ke shan ƙwayoyi da yawa kullum, wata rana sai ɗaya ta faɗi ƙasa. Ƙwayar hawan jini, ta zuciya ko ta ciwon suga guda ɗaya tana iya jefa ƙaramin kare cikin mawuyacin hali. Ka riƙa ɓare maganinka a kan faranti mai baki, a ɗaki rufe, kare yana waje. Nasa maganin a ajiye a wani wuri daban da naka, da rubutu manya-manya a jikin kwalbar. In ya haɗiyi wani abu, kira likita nan take da kwalin a hannunka, kar ka jira alama.

Kada tausayi ya sa ka ba shi maganin ciwon gaɓɓai naka. Ibuprofen, naproxen da diclofenac suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda. Paracetamol ma sai da izinin likita da adadin da ya ƙayyade. Akwai magungunan da aka tanada don karnuka, irin su carprofen da meloxicam, kuma akan gwada jini kafin a fara da bayan an fara. In ya soma amai, ko kashinsa ya koma baƙi ƙirin, dakatar da maganin ka sanar da likita.

5. Abubuwan da za ka auna a gida

Ruwa. Kare yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen lita ɗaya ga mai kilo 20. Zuba ruwan da ka san yawansa da safe, ka auna ragowar washegari. In ya haura mililita 100 a kowane kilo, ana zargin ƙoda, ciwon suga, ko ruɓar mahaifa ga karyar da ba a cire wa mahaifa ba. Kada a rage masa ruwa don yana fitsari a ɗaki.

Numfashi. Yana barci, ƙirga tashin ƙirjinsa na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya lau ne. In ya dinga haura haka, musamman da tarin dare, a duba zuciya.

Nauyi. Shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Ƙiba ce babbar abokiyar gabar gaɓɓai, kuma yawanci daga lomar da ake miƙa masa lokacin cin abinci take zuwa. Rama ba dalili ita ma abin kai wa likita ce. Canjin abinci a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, ana gauraya sabo da tsoho.

Sau ɗaya a wata ka bi jikinsa da hannu. Ƙullutun da ya kai santimita ɗaya kuma ya yi wata bai baje ba, a kai a ɗebi samfurinsa da allura. Warin baki da jan dasashi alamar ciwon haƙori ne, ba tsufa kawai ba. Ganin likita kuwa ya koma duk wata 6, tare da gwajin jini da fitsari.

6. Ido, kunne da gigin tsufa

Hazo mai shuɗi-shuɗi a ƙwayar ido yana zuwa da shekaru kuma ba ya makantarwa. Yanar ido mai fari fat ita ce ke toshe gani. In ganinsa ya ragu, daina sauya wa kujeru wuri, da ƙwaƙwalwa yake bin gidan. Koya masa alamun hannu na "zo" da "tsaya" tun kunnen bai tafi ba. Kada ka taɓa shi yana barci ba zato. Buga ƙafa a ƙasa, ko ka kai hannu kusa da hancinsa, domin kare mai ciwo da aka firgita yana iya cizo.

Yawon dare, tsayawa a lungu ya rasa hanyar fita, haushi ba dalili: gigin tsufa ke nan. Tsayayyen lokacin ci, fita da kwanciya yana rage shi. In kuma kwatsam kansa ya karkace, idanu na rawa, yana faɗuwa, sau da yawa jiri ne daga cikin kunne, wanda kan fara sauƙi cikin kwana 3. Duk da haka likita ne zai tabbatar.

7. Ranar da ba ka nan, da ranar ƙarshe

Rubuta takarda guda: abincinsa da adadi, magunguna da lokutansu, lambar likitansa, da abin da yake tsoro. Manna ta inda za a gani, ka ba wani amintacce makulli, ka sa kati a aljihu mai cewa akwai kare a gida. Wanda zai karɓe shi in an kwantar da kai asibiti ya amince da bakinsa tun yanzu, ya kuma riƙa zuwa har karen ya saba da shi.

In ciwo ya yi nisa, sa alama a kalanda kowane dare: ya ci, ya tashi da kansa, ya yi murnar ganinka? Idan ranaku marasa daɗi suka rinjayi masu daɗi kuma magani ya daina tasiri, kai wa likita kalandar ku tattauna. Allurar da ake yi don a hutar da dabba, wato a kawo ƙarshen rayuwarta cikin sauƙi, maganin barci ne mai ƙarfi, tana aiki cikin 'yan mintuna, kuma za ka iya neman a bar ka kusa da shi, ko ka tambaya ko likitan zai zo gida.